Kamfas ɗin da ya fitar da Baba daga gida

Shekarun baya, da idon mahaifina ya yi rauni, sai ya daina tafiye-tafiye kwata-kwata. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana safarar busasshen kifi daga kasuwar Baga Road zuwa Kano, wanda in an tsaya salla a hanya shi ake tambaya ina gabas, ya koma daga ɗaki sai masallacin unguwarmu a Hausari. Da ƙanwata ta haihu a Damaturu aka ce za a sa wa yaron sunansa, muka ɗauka murna za ta fitar da shi. Ina! Cewa ya yi mu je mu gaishe su.

Na yi ta naci har ya faɗa mini gaskiya. "Ba wahalar mota nake gudu ba," in ji shi. "A tsaya salla a hanya, a kama kafaɗata a juya ni kamar buhu, shi ne ba na so." Maganar ta taɓa ni ƙwarai, don na san Baba da girman zuciya.

Ni kuma Allah ya yi ni da son kayan latse-latse. Na sayo kamfas na mota, na'urar nan mai nuna gabas da yamma, irin mai nuna harafi da lamba a ɗan gilashi, na manna shi a gefen dashbod, gaban direba, kusa da sifika, na jona wayarsa a wurin caji. Ina ta cika baki, na ɗauko Baba na kai shi ƙofar masallaci, na daidaita hancin mota da alƙiblar masallacin.

"To, me ya ce?"

Na duba, na sake dubawa. "Wai kudu muke kallo, Baba."

"Madalla. Ashe duk shekarun nan liman kudu yake kai mu. Cire abin nan kafin ya raba ka da sallarka."

Ban cire ba. Na wuce unguwar Dala a nan garinmu wurin abokina mai gyaran wutar mota, wani Babarbare mai son tsokana. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya yi mini bayani. Ya ce ƙasa kanta tana da ja irin na mayen ƙarfe, kuma a cikin kamfas akwai wani ɗan abu da ke jin wannan jan, da shi yake gane arewa. Ni kuwa na je na ajiye shi jikin sifika, wadda cikinta mayen ƙarfe ne sukutum. Ya ɓamɓare shi ya mayar tsakiyar gilashin gaba, ya tabbatar ya zauna daidai bai karkace ba. Sannan ya ce saura abu ɗaya: jikin mota ma ƙarfe ne, dole kamfas ya saba da shi. In nemi fili nesa da turakun lantarki, in danna maɓalli, in yi ta zagaye a hankali har ya daina ƙyaftawa.

"Ka tafi da Baba," in ji shi. "Shi ne alƙalin."

Haka kuwa aka yi. Da hantsi muka shiga wani filin ƙwallo, na murɗe sitiyari muka fara juyi kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Masu keke suka tsaya kallo. Wani dattijo ya matso ya leƙo ta taga, ya gaida Baba, ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Ko birki ne ya ƙi?" Baba ya ce, "Lafiya lau, motar ce ke koyon alƙibla." Sai Baba ya fashe da dariya har da share hawaye da hannun riga. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwon ido.

Muka koma ƙofar masallaci. Wannan karon kamfas ya nuna gabas mai ɗan karkata arewa. Baba ya ce haka ne, alƙiblar garin nan ba gabas sak take ba. Ya ce in riƙe lambar da kamfas ya nuna a kaina. Bai ce zai je ba, amma da yamma na ji yana tambayar mahaifiyata ko an goge babbar rigarsa.

Ana gobe suna muka kama hanya. Damina ce, hadari ya rufe sama, babu rana babu inuwa. Da azahar ta yi na sauka daga kwalta, na yi ta gyara tsayuwar mota gaba da baya har lambar nan ta fito, na kashe. Baba ya yi alwala, ya dafa jikin motar, ya bi ta da hannu har hancinta, ya shimfiɗa dardumarsa a nan. Ban taɓa kafaɗarsa ba.

Kafin ya kabbara sai ga wata bas ta tsaya, fasinjoji suka sauko suna ɗaga kai suna neman rana. Wani ya matso ya ce, "Baba, don Allah ina gabas?" Baba ya miƙa hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Ga ta nan. Ku zo mu yi jam'i." Shi ya ja mu salla a gefen titin.

Yanzu kowace waya tana nuna alƙibla, yarana ma dariya suke yi wa kamfas ɗin, wai tsohon yayi ne. Ni dai na sauya mota tun daga lokacin, kuma da shi na taho. Na gane tsoho kan haƙura da ciwo, amma da wuya ya haƙura a mayar da shi kaya. Baba yana nan da ransa, takwaransa har ya shiga makaranta. Duk sanda za mu yi tafiya, kafin ya tambayi ko na sha mai sai ya tambayi labarin kamfas ɗin, ya ce, "Malamin naka yana nan dai ko?"