Gado Mai Ɗanɗana wa Alhaji Shayi

Shekara ashirin da shida Gado ya yi yana dafa shayi a ƙofar mangazar ajiyar kayan Alhaji Nasser, babban ɗan kasuwar ganyen shayi a Sabon Gari ta Maraɗi. Shi Gado mutumin Tsibiri ne. Kullum da safe yakan hau kabu-kabu ya shigo gari, la'asar sakaliya ya koma gida, sai in damina ta kankama yake ɗauke ƙafa kwana biyu ko uku saboda ƴar gonarsa ta hatsi. In ka gan shi ba za ka ɗauke shi a bakin komai ba. Gajere ne siriri, haƙoransa sun rine, yatsun hannunsa na dama sun ƙone sun warke har ba sa jin zafin buta. Amma duk mai sayar da ganye, daga cikin gari har Jiratawa, ya san sunansa, domin Alhaji ba ya yarda a sauke masa ko kwali ɗaya sai Gado ya sa a baki ya ce a sauke.

Dafa wa ƴan fada shayi, wannan kowa ma zai iya. Ɗanɗanon shi ne aikin. Idan sabon ganye ya zo, Gado yakan wanke butoci uku, ya ɗebi ruwa daga randa ɗaya, ya dafa ba sukari ba na'a-na'a, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dubi ƙasa. A cikin mangaza yana da gwangwanaye jere a kan katako, kowane da ganyen shekararsa, da su yake gwada sabon zuwa. Ra'ayinsa shi ne ganye mai kyau in ya shekara a busasshen wuri ɗacinsa yakan kwanta, ya yi laushi a maƙogwaro, amma in ya wuce shekara uku ya mutu, sai dai a yi wa baƙo ƙarya da shi. Yakan ce, "Wanga ya ga damina biyu," ko "Wanga an aje shi a ƙasa, ya sha sanyin siminti." In an bincika sai a tarar haka ne. Ilyasu, wani mai shago a Jiratawa da ke sarin ganye wurin Alhaji, ya taɓa gauraya tsoho da sabo don ya kama shi. Gado ya kurɓa sau ɗaya ya ce masa ya raba aurensu, ba su dace ba. Aka yi wata guda ana tsokanar Ilyasu.

Ba shi da shago, ba shi da mota, ko harafi ɗaya bai iya rubutawa ba. Abin da yake da shi a duniya shi ne idan ya yi magana a kan shayi, manyan alhazai sukan yi shiru. Wanda bai taɓa zama ba kowa ba, ba zai gane girman wannan ba.

To, bara bayan an cire amfanin gona, wata mura mai zazzaɓi ta kwantar da shi kwana tara. Ya tashi, jiki ya dawo, baki da hanci suka ƙi dawowa. Tuwo da miya da fura duk suka zama abu ɗaya, sai dai wannan da zafi wancan da sanyi. Ya tauna citta, ya tauna kanumfari, ya shaƙi hayaƙin barkono har ya yi hawaye. Likita ya ce wani yakan dawo a sati biyu, wani a shekara, wani kuwa shi ke nan. Gado ya fito daga asibiti bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Tsahara.

Tsahara ta ce, "Malam, ka gaya ma Alhaji. Ciwo ai ba sata ba ne."

Ya ce, "In na gaya mishi, ni mi na zama? Mai hura gawayi."

Ta ce, "Mai hura gawayi ma mutum ne."

Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba, don ta san halin mijinta. Mutum ne mai sanyi, amma in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Haka ya koma aiki da mataccen baki. Da can da harshe yake auna sukari: ya zuba a kofi, ya kurɓa, ya mayar a buta, ya ƙara ko ya bari. Yanzu sai ya riƙa aunawa da ido, amma bai daina kurɓar ba, har da ɗan gyaɗa kan da ya saba yi. Wannan gyaɗa kan shi ya fi ci masa rai. Yakan miƙa kofi ya saci kallon fuskar mai sha, bai taɓa ganin an yamutsa ba, sai ya ce a ransa hannu ya riga ya haddace aikin. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla. Ya yi sa'a hanya ta yi wuya a watannin nan, sabon ganye bai shigo ba, ba wanda ya nemi ya yanke hukunci a kan komai. Kullum yana roƙon Allah bakin ya dawo kafin motar sabon ganye ta iso.

Motar ta riga bakin isowa. Wata Laraba da hantsi Alhaji ya fito daga mangaza da ƙunshin takarda uku, ya ajiye a kan tabarma. Ilyasu na nan, da wasu ƴan fada huɗu.

Alhaji ya ce, "Malam Gado, ga aiki. Ɗaya namu ne na bara, ɗaya na bara waccan, ɗaya kuwa wani direba ya kawo mini jiya shina so in saya. Ban gaya maka wane ne wane ba. Ka duba muna."

Gado ya matso. Ya buɗe ƙunsoshin. Biyu sun dushe, launinsu ya koma toka-toka, yadda tsohon ganye yake yi. Na ukun kuwa kore shar, a murɗe tsaf, ba gari ba kara. Ya dafa su ɗaya bayan ɗaya. Da buta ta uku ta tafasa, Ilyasu ya yi tari ya ja baya, wani ya kau da fuska. Gado ya ɗauka hayaƙin gawayi ne, har ya juya murhun. Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, kumfar na ukun ta tashi fara tas ta tsaya, ta fi ta sauran kyau nesa ba kusa ba.

Ya kurɓi na fari, ya riƙe, ya dubi ƙasa. Ruwan zafi. Na biyu, ruwan zafi. Na uku, ruwan zafi.

Alhaji ya ce a hankali, "Ba gaggawa. In akwai abin da za ka hwaɗi, ka hwaɗi, mu ne nan."

A nan ne fa. Wallahi da ya ɗaga kai ya dubi fuskar Alhaji da kyau, da ya ga ba fuskar mai ciniki ba ce. Amma tsoro ya rufe masa ido. Ya ga mutum shida sun yi shiru suna jiran bakinsa, irin shirun da ya rayu a kansa shekara ashirin da shida, ya kasa sakin sa. Ya ɗaga kofi na uku ya ce, "Wanga shi ne sarkinsu. Ɗacinshi mai tsabta ne, ƙamshi kuwa har cikin kai. Biyun nan sun gaji. Ka saya, Alhaji."

Alhaji ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "To." Ya naɗe ƙunshin na uku ya miƙa masa, ya ce ya kai gida, tunda shi ya zaɓa. Gado ya koma Tsibiri ranar da sauƙi a ƙirji, yana ganin ya tsallake.

Tsahara na tankaɗe a tsakar gida ya miƙa mata ƙunshin. Ko gama buɗewa ba ta yi ba ta janye kanta.

Ta ce, "Malam, mi ne ne wanga? Ai warin esansi yake. Wa ya zuba mai a ganyen shayi?"

Ya ce ta sake shinshinawa. Ta ce ba sai ta sake ba, tun daga bakin ƙofa ta ji, ta ɗauka kabu-kabun da ya hau ne ke yoyo. Gado ya zauna a kan turmi. Ganyen a mota ɗaya ya yi tafiya da jarkokin man fetur, ya shanye warin, kuma shi ya tafasa shi a tsakiyar mutane, ya kurɓa, ya yaba ƙamshinsa. Tarin Ilyasu ya dawo masa, da kau da fuskar da aka yi. Kunya ta kama shi irin wadda ba ta barin mutum ya yi ko kuka.

Washegari ya riga kowa zuwa. Da Alhaji ya fito daga mota, Gado ya bi shi cikin mangaza ya durƙusa.

Ya ce, "Alhaji, bakina ya mutu. Tun ciwon da na yi bara."

Alhaji ya ce, "Na sani. Tun kahin azumi munka sani, mu duka."

Gado ya ɗago.

Alhaji ya ce, "Wata bakwai muna shan abin da ka ba mu, yau zaƙi kamar alewa, gobe ɗaci ba ya haɗiyuwa. Ba wanda ya aje kofi. Na ce kowa ya kama bakinshi, Gado zai hwaɗi da kanshi. Ba ka hwaɗi ba. Ganyen jiya tun a bakin mota na kore shi, ko akuya ba ta kusantar shi. Na aje maka shi ne don ka samu hanyar cewa, Alhaji, ban ji komi ba. Da ka hwaɗi haka, da na ce ka zauna ka koya ma wani aikin da ido da hannu, mu tsufa tare. Sai ka dube ni ka ce in saya."

Muryarsa ba faɗa a cikinta, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Gado ya nemi gafara. Alhaji ya ce ya yafe, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya yafe ɗin. Ya ce wurinsa na nan, ba mai taɓa masa murhu, ya tashi ya je ya dafa wa mutane shayi.

Gado ya fita ya hura gawayi. Ƴan fada suka taru, suka gaishe shi da fara'ar da ta ɗan yi yawa. Ya dafa na fari, ya sa sukari da ido, wannan karon bai kurɓa ba. Ya tsiyaya, ya ɗora a faranti, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Alhaji ya karɓa yana magana da Ilyasu a kan hanyar Jiratawa, hankalinsa ma ba ya wurin. Kafin kofin ya kai bakinsa, sai ya tsayar da shi a ƙarƙashin hanci ya ɗan shinshina. Bai san ya yi ba. Gado ya gani.