Mai Tsoro Ba Ya Taɓa Yumɓu

Ruwan farko ya sauka jiya da la'asar. Da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ɗaki, sai na ga kaina a gindin dutsen bayan gidanmu, ina yarinya, yumɓu har gwiwar hannu.

Goggona ce ta fara koya mini ginin tulu. Zama take da tsumagiya a cinya, da wuyan tulun ya karkace sai ta zuba mini a bayan hannu. Rani biyu na yi a gabanta. Ku tambaye ni abin da ta faɗa, ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Tsumagiyar dai na riƙe, ta geza ce, da ɗan lanƙwasa a baki.

Sai kaka ta karɓe ni. Ita dokarta, mai fushi ko mai tsoro ba ya taɓa yumɓu, wai tulunsa fashewa yake a wuta. In ta ga idona ya kawo ruwa sai ta ce, "Wanke hannu, zo ki ci gyaɗa. Yumɓu ba ya gudu." In na huce ta ɗora tafinta a kan nawa, tana waƙa ƙasa-ƙasa da yarenmu, muna zagaya tulun da baya-baya, hayaƙin kara yana bin gangaren dutse. Inda waƙar ta hau, nan ake matse wuya. Inda ta sauka, a buɗe baki. Fuskar kaka ta ɓace mini yanzu, amma hannuna bai manta ba.

Yanzu jikata tana zaune a wurina. Ubanta ya ce in ta sake faɗuwa jarrabawa zai cire ta daga makaranta. Ni ban san baƙi ba, amma ba na wasa da yaro. Kullum yamma nakan zaunar da ita da littafi, ni da tsumagiya a cinya.

Jiya da ƙamshin nan ya shigo, na dube ta sosai. Ashe ba littafin take kallo ba, cinyata take kallo.

Na jefa tsumagiyar a murhu. "Rufe littafin, zo ki ci gyaɗa."

"Kaka, lafiya kuwa?"

"Ci, ban da surutu."

Da ta share hannu, ita da kanta ta jawo littafin. Na ce ta rera mini kamar waƙa. Ko daidai take karantawa, Allah masani. Amma ta kai ƙasan shafin ba ta ɗago ido ba.