Nonon Ya Fanna Mai Ƙosai

Salamu alaikum, 'ya'ya da jikoki. Matar babban ɗana ce ke rubutawa a wayarta, ni ina faɗa.

Na ji kuna ta musu a kan inda jikata Zulai za ta haihu, wannan ya ce Kano, wancan ya ce Abuja. To ku saurara. Akwai maganar da na haɗiye tun zamanin Turawa, ko mai rubutun ba ta taɓa jin ta ba.

Ni 'yar Fulani ce daga wajen Kaugama, na yi aure a gidan masunta bayan Kirikasamma. Haihuwar fari a gidanmu ya kamata in yi, amma ruwa ya cinye hanya a shekarar. A ɗakin uwar mijina, Inna, na haihu.

A wajenmu ɗan fari abin kunya ne. Ba kya kallonsa, ba kya kiran sunansa, balle ki buɗe ƙirji a gaban suruka. In yana kuka sai in kau da kai in jira a fita. Gidan kuwa ba ya rabo da mutane.

Nono ya taru. Na hagu ya kumbura ya yi tauri kamar goruba. Zazzaɓi ya rufe ni, na dama ma ya ƙafe. Na ja zane har wuya na ce lafiyata ƙalau.

Yaro ya rame, kukan ma ya daina fita.

Wari ne ya tona min asiri. Inna ta fizge zanen ta ce, "Innalillahi! 'Yar nan, jikana za ki kashe min don kunya?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

A kwalekwale aka kawo mu Haɗeja, asibitin En'e. Da na ga malamin asibitin namiji ne, na ce gara in mutu. Ya ce, "Juya fuskarki bango. Ni ƙurji nake gani."

Ya tsaga, mugunya ta zuba. Kullum da safe a wanke, a cusa ƙyalle, a yi allura. Maigida har komarsa ta kamun kifi ya sayar don mu zauna a gari.

Malamin ya ce wa Inna, "Ita za ta warke. Yaron ne, in bai sha nono yau ba, ban sani ba."

A bakin asibitin akwai wata mai ƙosai, Ya Fanna, da goyonta a baya. Ba ta san mu ba. Ta ga Inna riƙe da yaron tana hawaye, ta tambaya, sai kawai ta ce, "Miƙo shi nan."

A gaban jama'a ta ba shi nono, ɗaya hannun yana juya ƙosai. Ina kallo ta taga. Baƙuwa ta yi wa ɗana abin da ni uwarsa na kasa. Kunyar ranar ta fi duk ta baya, har yau ba ta sake ni ba.

Kullum sai Ya Fanna ta shigo, ta shayar da shi, sannan ta ɗora min shi a na dama. "Ko babu ruwa, sa shi. Kuma ki dube shi, ke! Ba dodo ba ne." Da haka nono ya dawo, ciwo ya rufe.

Allah ya jiƙan Ya Fanna da Inna da malamin nan.

Zulai, ba girman gari ba ne. Ki haihu inda magani ke kusa, inda kuma akwai matar da za ki iya buɗe wa zane. In nono ya yi tauri ko jiki ya yi zafi, ki faɗa a ranar. Ki shayar da ɗanki ko a gaban waye.

Yaron nan yau kansa duk furfura. "Wancan" nake ce masa, bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

Ke mai rubutu, bar kukan nan ki rubuta yadda na faɗa.

Habibu. Ɗana Habibu, ka yafe min.