Akwai Mai Ja?

A ƙungiyarmu ta masu gyaran keken ɗinki a kasuwar Sabon Gari, ba a yanke magana sai shugaba ya tambaya: "Akwai mai ja?" Kuma kullum akwai. Wani dattijo ne maƙwabcin shagona, muna ce masa Baba. Aikin jirgin ƙasa ya kawo iyayensa daga kudu, a nan aka yanke masa cibiya. Ko ranar taro za a sauya, sai Baba ya ɗaga hannu. Yana ba ni haushi ƙwarai, don saboda shi shayina ya sha hucewa.

Sai wata jam'iyya ta shigo da kirarin ita ce bakin talaka. Ni ma na sa hularta, don manyan sun ishe mu. Wani ɗan jam'iyyar ya zama shugabanmu, tambayar kuwa ta canza. Yanzu sai ya ce, "Jama'a, ko ba haka ba?" Mu amsa, "Haka ne!" Taro ya riƙa ƙarewa da wuri.

Da wa'adinsa ya cika, ya ce zaɓe ɓata lokaci ne, tunda jama'a sun riga sun nuna wanda suke so. Baba ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni dai ina ja."

"Baba, jama'a ke magana. Baƙo ya saurara."

Aka yi dariya. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hularsa ya fita. Rabin masu dariyar nan shi ya koya musu riƙe sukundireba.

Raina ya ɓaci. A motar komawa gida Samaru, 'yar tafiya daga Sabon Gari, na kasa zama wuri ɗaya, har na kusa da ni ya ce, "Malam, ƙaiƙayi kake ji?" Mako guda ina shirya abin da zan faɗa, ina warwarewa. Ina so a ba Baba haƙuri, a mayar masa da bakinsa. Ni ai ba wanda zai kira ni baƙo. Kakan kakana Bazazzagi ne.

Ranar taro na miƙe tun kafin a zauna sosai. Na ce abin da aka yi wa Baba bai dace ba, kuma a yi zaɓe.

Shugaba ya yi murmushi, ya juya wajen mutane.

"Jama'a, wannan ba daga Samaru yake zuwa mana ba?"

Suka ce, "Haka ne!"