Gwiwar Hannun Dikko

A duk shekarun da na yi ina malamin wasanni a wata sakandaren maza a Isa, yammacin da ban taɓa mantawa da shi ba shi ne na wata Laraba, da jini ya zuba a filinmu na ƙwallon kwando, na tsaya da usur a baki na kasa hurawa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata yadda ake gane yaron da zai zama wani abu. Za ni ba ku labarin Dikko, ku auna da kanku.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyar kowane ɓangare ke sakawa a fili. Mafi tsawo a cikinsu shi ne senta. Wurinsa ƙarƙashin kwando. Shi ke tare masu shigowa, shi ke cafe ƙwallon da ta doki ƙarfen kwandon ta faɗo, kuma idan aka ba shi ƙwallo sai ya juya wa mai tsaronsa baya, ya yi ta matsa shi da jiki har ya samu wurin jefawa. Doka ta yarda da wannan matsi muddin ba a sa hannu ba. Senta da ba ya son haɗa jiki da mutane ba senta ba ne.

A shekarar muna da gwani ɗaya tak, kyaftin ɗinmu Sanusi. Ɗan Gatawa ne. Iyayensa sun dawo Isa da zama bayan harin da 'yan bindiga suka kai, wanda a cikinsa aka kashe kawunsa. Ba shi da tsawo sosai, amma yana da sauri da ƙarfin zuciya, kuma daga nesa yake jefawa ta shiga. Matsalar ita ce kowace makaranta ta gane mu. Da an fara wasa sai su ɗora masa mutum biyu, shi ke nan an rufe mu.

Jami'in wasanni na shiyya, wanda shi ke tsara gasar makarantu kafin a tura zakara Sakkwato, ya zo duba mu a farkon zango. Ya kalli atisaye na ɗan lokaci ya ce, "Malam, na ga na farkonka. Ina na biyun?"

Na nuna masa sentanmu, Dikko. Ya yi murmushi ya ce, "Wanga dai tsawo na kawai."

Ban ji haushinsa ba, don abin da ya gani ya faɗa. Dikko Bafillace ne daga wata ruga kusa da Kamarawa. Su ma ɓarayin daji sun kore musu shanu, sai aka kawo shi wurin baffansa, dillali a karar shanu ta Isa, aka sa shi makaranta. Sai ya sunkuya yake shiga aji. Hannunsa kuwa, kowace irin ƙwallo ka jefa masa sai ta manne. Amma da wani ya jingina da shi sai ya ja baya. Idan kafaɗarsa ta taɓa yaro, zai tsaya ya ce masa ya yi haƙuri, ƙwallo kuwa ta tafi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa shi ya yi ta tura buhun yashi da baya. Buhu yana tura shi lafiya lau. Mutum ne ba ya turawa.

Wata rana bayan atisaye na tsayar da shi na ce, "Dikko, mi kake tsoro? Duk filin nan ba wanda ya kai ka ƙarfi."

Yana kallon ƙasa ya ce, "Malam, in wani ya ture mutum, wasa na. In ni na ture, ba za a ce wasa ba na."

Na san ana kiransa "ɗan daji" a bayan idonsa. Na kuma lura cewa ko a baranda gefen bango yake bi, kuma shi ne na ƙarshe a layin famfo kullum. Yaron ya koyi ƙanƙantar da kansa don ya zauna lafiya a garin da ake yi wa irinsa kallon tuhuma, ni kuma ina neman ya buɗe kafaɗu ya ƙwaci wuri.

Sanusi kuwa ba ya ba shi ƙwallo ko da wasa. Na kira shi ofis, ina zaton maganar ƙabila za ni ji. Sai ya ce, "Malam, in na ba shi, maido mini yake yi kamar ta ƙona shi. Mi za ni yi da wannan?"

Na ce, "To, ya za mu yi? Kai kaɗai ba za ka kai mu Sakkwato ba."

Ya ce, "A bar ni da shi. Ni za ni riƙa tsaronai a atisaye."

Haka aka yi. Sanusi da kansa bai wuce kafaɗar Dikko ba, amma ya zame masa ƙaya. Ya taka masa ƙafa, ya ja masa riga, ya sa masa kai a ƙugu, yana faɗin, "Ture ni mana! Ni na ce ka ture ni!" Makonni ana haka. Wani lokaci sai in ga Dikko ya ɗan matsa, sai kuma ya tuna, ya saki.

Ranar Larabar, ƙwallo ta doki ƙarfe ta yi sama. Dikko ya yi tsalle ya cafe ta da hannu biyu, ya sauko, ya buɗe gwiwoyin hannunsa ya juya da ƙarfi, daidai yadda na yi ta koya masa. Sanusi ya riga ya kai kai. Gwiwar hannun ta same shi saman ido, ya faɗi zaune, jini ya rufe masa rabin fuska.

Ɗaliban da ke kallo suka yo cikin fili. Na ji wani daga baya ya ɗaga murya, "Ga shi nan, ya nuna halinsu!" Dikko ya ajiye ƙwallon a hankali, ya ɗaga hannuwansa sama kamar wanda aka tare a hanya, ya yi ta ja da baya har ya fita ƙofar makaranta. Ban iya bin sa ba. Na ɗora Sanusi a babur muka yi asibiti, aka yi masa ɗinki.

Ƙa'idar aiki ita ce, duk raunin da ya kai ga asibiti, malamin da ke wurin zai kai rahoto ga shugaban makaranta a ranar, sannan kwamitin ladabtarwa ya zauna, da mataimakin shugaba da wakilin iyaye. Da na je, shugaban ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, na yarda tsautsayi na. Ba idon nike tsoro ba, yadda labarin zai shiga gari nike tsoro." Ya ce yana tunanin a mayar da Dikko wata makaranta a Sakkwato cikin sirri, don tsaron lafiyarsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in aka ɗauke shi, an tabbatar wa kowa cewa da gangan ya yi. Ina roƙon a ji ta bakin Sanusi tukuna."

Ya ce zai jira zaman kwamiti, amma ba zai yi mini alkawarin komai ba.

Ranar zaman, Dikko bai zo ba, don tun ranar Larabar bai sake taka makaranta ba. Yayan Sanusi, Haruna, shi ya wakilci gidansu, kuma da zafinsa ya shigo. Ya ce sun baro Gatawa don su tsira, ba don a biyo su har cikin aji ba. Ba wanda ya katse shi. Mutumin da ya ɗauki gawar kawunsa da hannunsa, ba ka gaya masa yadda zai ji.

Sai shugaba ya juya ga Sanusi, wanda ke zaune da filasta a goshi, ya ce ya faɗi abin da ya faru.

Sanusi ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na ce shi ture ni. Makonni ina roƙonai. Juyin da ya yi daidai na, ni na kai kaina. In da laifi, nawa na."

Haruna ya ce, "Ka mance da Kawu ke nan?"

Ya ce, "Ban mance ba, Yaya. Kullum sai na tuna shi. Amma wanga bai kashe kowa ba. Su ma an kore musu shanu, su ma gudowa suka yi."

Haruna ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Na ji daga baya cewa ya daɗe ba ya yi wa ƙanen nasa magana. Kwamiti ya yanke cewa tsautsayin wasa ne. Washegari shugaban ya tsaya da kansa a gaban taron ɗalibai na safe ya ce duk wanda ya sake kiran wani ɗalibi da sunan da ba nasa ba, da shi zai yi.

Saura dawo da Dikko. Ranar kasuwa na ce za ni kara wurin baffansa, Sanusi ya ce zai bi ni. Muka samu Dikko riƙe da igiyar wani bijimi, ya fi kowa tsawo a wurin. Da ya hango filastar sai ya kau da kai.

Sanusi bai yi wani dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Dikko, ni ba abota na zo nema ba. Mutum biyu ke bina duk inda na yi a fili, na gaji. Ka zo ka ɗauke mini ɗaya."

Dikko ya ce, "Na fasa maka ido."

Ya ce, "Gira ta, ba ido ba. Kuma ranar ce kaɗai ka yi wasa tun da na san ka."

Baffan, wanda ke gefe yana jin mu, ya karɓi igiyar daga hannun Dikko. Ya dube ni ya ce, "Malam, amana na ba ka." Na ce na karɓa.

Kada ku zaci daga nan komai ya gyaru. A wasanmu na farko bayan dawowarsa, Dikko ya koma gidan jiya, yana ja da baya, har na cire shi na ɗan lokaci. Amma abu ɗaya ya sauya: Sanusi ya fara ba shi ƙwallo, kuma bai daina ba. Dikko ya ɓarar, Sanusi ya sake ba shi. Ya maido masa, ya sake jefa masa da ƙarfi yana harararsa. Bayan atisaye su biyu za su tsaya, ɗaya yana jefowa ciki, ɗaya yana juyawa yana sakawa da hannu ɗaya ta saman kai. A hankali sauran yaran suka fara yin yadda kyaftin ke yi.

Wasan da zai fitar da zakaran shiyya da wata makarantar Sabon Birni muka yi shi, a filinmu. Sun zo da shirinsu na kullum, mutum biyu a kan Sanusi. Sanusi ya jefa wa Dikko ciki. Dikko ya ji mai tsaronsa a bayansa, ya matsa shi taku ɗaya, ya sake matsawa, ya juya ya saka. Suka dawo, ya sake. A karo na gaba aka riƙe masa hannu, ƙwallon ta shiga duk da haka, yaron da ya riƙe shi ya faɗi. Na ga Dikko ya tsaya zai sunkuya, sai ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi, ya juya ya koma wurinsa da gudu, bai tsaya ba shi haƙuri ba.

Kocin Sabon Birni ya nemi hutun shawara. Da suka dawo fili, ina kallo ɗaya daga cikin masu tsaron Sanusi ya bar shi ya koma ya tsaya gaban Dikko. A wurina nan aka amsa tambayar jami'in wasannin nan. Gwani na biyu shi ne wanda abokin hamayya ya ji tsoronsa har ya sassauta wa na farko. Sanusi ya samu fili, ya yi ta zuba musu daga nesa. 'Yan kallo, har da waɗanda na san abin da bakinsu ya faɗa a baya, suna ta kiran "Dogo! Dogo!" Muka ci.

A Sakkwato ba mu yi nisa ba. Wata makarantar cikin gari ta fitar da mu a wasa na biyu, sun fi mu kayan aiki da gogewa. Amma an kira Dikko sansanin horon matasa na jiha, daga nan ya samu shiga kwalejin ilimi, kuma har yau yana buga wa wani kulob. Bai zama na farko a ko'ina ba. Na biyu ne, kuma masu horar da shi sun ce ba su da wanda suka fi dogara da shi. Sanusi ya bar wasa, yana fataucin kaya tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. An gaya mini duk ranar da wasan Dikko ya same shi a Sakkwato, sai ya je ya zauna layin gaba, ya yi ta yi masa faɗa daga farko har ƙarshe.

Abin da na koya shi ne, mu malaman wasanni muna iya koyar da tsalle da juyi da jifa, amma ba mu ke ba yaro izinin zama babba ba. Abokan wasansa ke ba shi, musamman wanda ya riga shi yin suna. Don haka idan kun ga yaro mai jiki da hannu yana ja da baya, kada ku yi saurin cewa rago ne. Ku bincika abin da ya shigo da shi fili daga waje, sannan ku dubi wa ke ba shi ƙwallo, wa ke hana shi.

Na gode wa shugaban nan da ya jira ya ji kafin ya yanke hukunci, Allah Ya jiƙansa, ya rasu bayan na yi ritaya. Na gode wa baffan Dikko, dattijon da ya yarda da ni a lokacin da yarda ta yi wuya a ƙasarmu. Amma mafi yawan godiyata ga Sanusi take. Ni aka biya albashi in koyar a filin nan, shi kuwa yaro ne mai makoki a gida, kuma shi ya yi aikin da ya fi wuya.