Kajin Sabon Kanti

Shekararsa sittin da uku, kuma tun da ya ajiye tuƙin motar haya cefanen gida ya dawo hannunsa. A unguwa Baba Direba ake ce masa. Matarsa ce ta sakar masa aikin saboda ciwon gwiwar da ke damunta, amma da sharaɗi: ranar da ya kawo mata shirme, 'yarsu za ta karɓa ta riƙa saye ta waya. Shi kuwa fitar nan ce kaɗai ta rage masa. In aka ƙwace ta, sai zaman kujera a gaban talabijin.

Manyan kantuna uku yake zagayawa da ƙafa. Na bakin titi ya fi arahar shinkafa da mai. Na bayan asibiti akwai tsada, sai dai kayan miyansa ba sa kwana. Jan kwalin da ake rubuta rangwame a kai ba ya ruɗarsa, tabarau yake sawa ya duba nauyin da ke jikin leda.

Na ukun, sabon kanti, shi ya kusa kayar da shi. Ya tarar da daskararrun kaji, nauyinsu ɗaya da na ko'ina, kuɗinsu ƙasa sosai. Ya kwaso. Matarsa ta zuba su a roba su narke, da ta dawo ta tarar sun tsuke, suna iyo cikin ruwa.

"Baban yara, zo ka ga kifin da ka sayo mana."

"Kaji ne."

"To ruwan nan fa, miya zan yi da shi ko wanki? Miƙo min waya in kira 'yarka."

"Ki bar ni zuwa cefane na gaba."

Bai tsaya kare kansa ba. Da ranar ta zo, ya sayo kaza guda daga kowane kanti, ya sa kowacce a robarta, ya ce ita ta yi alƙalanci. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana jinjinawa. Ta bayan asibiti, mai tsadar, ita ta fi tsoka.

"Ci gaba da yawonka," ta ce, "amma ƙanƙara muna da ita a firij."

Yanzu sai ya danna ledar kaza da babban yatsa kafin ya duba farashi. In ya ji ƙaras na ƙanƙara, sai ya mayar. Jiya da hantsi ya fita da jaka biyu, tasa da ta maƙwabciyarsu, wadda ta roƙe shi ya zaɓo mata kaza.