Yatsa Huɗu a Cikin Bindigar Samurai

Kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai. To, ranar da har yau ba ta bar raina ba ita ce wata Talata cikin Nuwamba, a shekarata ta farko a gidan tarihin nan na Birmingham, ranar da hannuna ya yi abin da ban sa shi ba.

Ku da kuka zo kwanan nan kuna ganina da furfura, kuna zaton haka na faɗo daga sama. Ina! Ƙaramin technician ne ni a lokacin, ina cikin probation, wato zaman gwaji, na wata shida, kuma takardar zamana a ƙasar nan a jikin aikin take rataye. Dokar matsayina ɗaya ce, kun san ta: ka ɗauki kayan tarihi da safar hannu, ka ajiye. Ba ka kwance komai, ba ka zura komai a cikin komai. Wannan aikin conservator ne, wato mai gyara da adana kaya, kuma mai kula da na ƙarfe a lokacin wata dattijuwa ce, Margaret. Ɗan probation da ya karya dokar nan, ƙofa ake nuna masa.

Na baro Manchester bayan na gama jami'a, abokan karatuna duk sun koma gida. Ɗaki ɗaya nake haya a Handsworth, a saman shagon wani mai sayar da kafet. Sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba, sai dai da kaina a bus.

Nunin makaman samurai muke shiryawa, mayaƙan Japan na da. Kowa da takobi ya san su, amma sun yi bindiga ƙwarai. Turawan Fotugal ne suka kai musu ita kusan shekara ɗari biyar da suka wuce, maƙeransu suka duba suka kwaikwaya. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a jefa dalma, a danna da sanda. Wutarta kuwa igiya ce mai ci a hankali kamar lagwani, in an ja kunama sai ta sunkuyo ta taɓa albarushi. Har makarantun harbi suka kafa, kowace da malaminta da sirrinta. Mun rataye zanen da ake koya wa ɗalibai da shi, yadda za su durƙusa, yadda za su kafa gindin bindiga a kunci, ba a kafaɗa ba.

Ranar da na fara ganin irinta sai da na kusa yin dariya. Na ce a raina, ashe harba-ka-ruga ce ta sha ado! Haka ake kiran bindigar maharba a wajenmu, don sau ɗaya take tashi, in ka kuskure sai ka ba ƙafa iska. Babana maƙeri ne a wani ƙauye gabas da Rano, kuma ita yake ƙerawa. A gindin zuga-zuginsa na tashi. Gwajin bindigogi ya cinye masa kunnuwa tun ina sakandare, sai an kai baki kunnensa an yi ihu yake tsintar kalma ɗaya a cikin goma. Waya ba ta yi mana amfanin komai, kuma bai iya karatun boko ba balle in rubuta.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan a Ingila ba. Duk form ɗin da ya tambayi sana'ar uba, manomi nake rubutawa. Baƙin mutum, Musulmi, da gemunsa, ya ce tun yana yaro ya san ƙanshin albarushi? Ku ma kun san irin kallon da ake yi. Akwai kunya ma a ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Bindigar da nake magana a kai daga Withington muka ɗauko ta, ni da direba, a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ta ce tun aurensu take rataye a falo. Takardar da ta zo da ita ta ce an duba, babu komai a ciki, kuma kowa ya yarda da takarda. A ƙarshen bututun akwai toshiya mai murɗi irin na noti, wadda aka ce ita ta fi ba maƙeran Japan wahala da farko. Shugaban sashe yana so a kwance ta mutane su gani, amma tsatsa ta kama ta. Sai Margaret ta ce Laraba da ƙarfe tara za ta ɗumama wurin da wuta, ƙarfen ya saki.

Talata da la'asar ina ni kaɗai a store, ina awon bindigar don in yi mata maɗauri. Wallahi ban yi niyya ba. Kawai ganin hannuna na yi ya zaro sandar ɗuri daga ƙarƙashin bututu, ya shimfiɗa ta a waje daga baki zuwa ƴar kafar wuta, ya dafe wurin da babban yatsa, ya zura ta ciki. Haka Baba yake yi wa duk bindigar da aka kawo gyara, ko mai ita ya rantse da Alƙur'ani babu komai a ciki. Sau ɗaya na manta ina ɗan shekara goma sha ɗaya, marin da na sha har yau kunnena na tuna shi.

Sanda ta tsaya tun ba ta kai ba. Kuma ba ta yi ƙarar taɓa ƙarfe ba, tim ta yi, kamar an buga buhu. Na jera yatsuna a kan abin da ya rage a waje. Huɗu cif. Da yatsa maharba ke auna ɗuri: biyu na tsuntsu, huɗu na babban nama. Innalillahi!

Na mayar da sanda, na kulle store, na hau bus. Ƙarfe biyar ne amma gari ya yi duhu, ana yayyafi. Duk hanya ina ta lallashin kaina. Na ce wataƙila zanzaro ne ya yi gida a ciki, kamar yadda yake yi a bindigogin da aka jingine a zaure. Sai na ce kai Haruna, wane zanzaro a falon Baturiya a Withington? Na ce to in rubuta takarda ba suna. Wa ke shiga store ban da ni? Na ce albarushin da ya yi ɗaruruwan shekaru ai ya mutu. Amma na san ƙarya nake yi, Baba ya sha faɗa cewa albarushi in dai a bushe yake, barci yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan tambaya. Na riƙe waya a hannu har Handsworth. Mutum ɗaya ne a duniya zai fahimci maganar da kalma biyu, shi kuma ba ya ji. In na yi magana, na tona wa kaina asiri sau biyu: na karya doka, kuma na san abin da ba a so irina ya sani. In na yi shiru, Margaret ce za ta sunkuya a kan bututun nan da tabarau a ƙarshen hanci, kamar yadda ta saba, fuskarta taki ɗaya daga ƙarfe. Ita kaɗai ce a ginin nan ta taɓa tsayar da ni ta ce in koya mata faɗin sunana daidai.

Laraba takwas da rabi na shiga ɗakin aikinta. Ta riga ta ɗaure bututun a kan tebur, abin hura wutar yana gefe.

Na ce, "Margaret, please, kar ki kunna. A ɗure take."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Takarda ta ce babu komai."

"Takarda ba ta zura sanda ba. Ni na zura."

Sannan a hankali ta ce, "Haruna, ka san abin da ka gaya mini yanzu?"

"Na sani."

"Wa ya koya maka?"

Na ce, "Babana ne ke ƙera irinta." Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina a ƙasar nan, kuma da Turanci ta fita.

Ta ture abin wutar can nesa, muka fita, ta kulle ɗaki. Daga nan sai ƙa'ida ta karɓi aiki. Aka ɗauki hoton X-ray, aka kira masu izinin kwance irin waɗannan abubuwa. Bayan kwana uku suka fito da albarushi, da ɗan tsumma, da dalma guda kamar ƙwallon goruba ƙarami. Suka gwada kaɗan daga albarushin, ya kama fau.

Kar ku zaci an yi mini tafi. Aka kira ni ofis, shugaban sashe da wani mutum daga security. Ina babanka yake? Wa yake sayar wa? Kai ka taɓa haɗa albarushi? Ina amsawa mutumin security yana rubutawa, bai ɗago kai ba. Aka ba ni warning a rubuce, aka ƙara mini wata uku a probation. Margaret ce ta tsaya kai da fata aka bar ni a aiki, daga baya na ji. Ita ma ba mai yawan magana ba ce. Shayi kawai na riƙa tararwa a kan bencina kullum da safe. Sauran kuwa, kusan wata guda in na shiga canteen sai hira ta ɗan lafa.

Ranar buɗe nunin aka gayyato wani tsoho daga Japan, malamin ɗaya daga cikin makarantun harbin nan da har yau ake koyarwa. Margaret ta jawo ni gabansa, ta ba tafinta labari. Tafinta ya faɗa, sai tsohon ya sa tafin hannu a bayan kunne, ya karkato, ya yamutsa fuska. Sak Baba. Sai da aka yi masa ihu sau biyu. Da ya gane, ya dube ni, ya miƙe hannu kamar mai riƙe da sanda, ya dafe da babban yatsa, ya rusuna mini. Na rusuna ni ma, na fita na zauna a matattakalar baya inda babu kowa, na yi kukan da ban yi ba tun zuwana.

Ranar Asabar na kira ƙanwata Hadiza, na ce ta kai wayar maƙera. Na ba ta labarin kaf, tana kai baki kunnensa tana ihu. Ina jin ƙarar guduma a bayansu, ina jin awaki. Kalma ɗaya ya tsinta.

Na ji muryarsa da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa: "Bindiga? A can? Ki ce masa ya zura sanda tukuna!"

Na ce, "Hadiza, ki ce masa na zura."

Ta faɗa sau uku. Ya ce, "Me ya ce?" Ta sake faɗa. Ya ce, "To, ki dai gaya masa." Na ce a raina in na je gida zan nuna masa da hannu. Da damina Baba ya rasu, fasfona yana wajen sabunta takarda, ban samu zuwa ba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Takarda abin da wani ya zata take faɗa, sai hannu ya taɓa ake sanin gaskiya. Kuma kowannenku ya shigo ginin nan da wani sani daga gidansu wanda yake jin kunyar fitarwa. Ku fitar da shi, amma ta hannun conservator, kar ku yi irin gangancina. Layin nan da ke cikin form na karɓar bindiga, wanda ya ce a auna bututu ciki da waje kafin a yi komai, kuna cike shi kuna ƙorafi. Bayan Larabar nan aka ƙara shi. Babu sunana a jiki, babu na Baba. Ni dai tun daga ranar, duk takardar da ta tambayi sana'ar ubana, maƙeri nake rubutawa.